Hukuncin shigo da fatar damisa daga farautar ƙasar waje

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na je farauta Namibiya da izinin hukumarsu, na harbi damisa. Ina so in kawo fatar gida Najeriya, amma takardun sun ɗauki lokaci. Wani ejan ya ce in ba shi wani abu ya fitar min da ita ta filin jirgi ba takarda. Tunda ni na harbe ta kuma na biya kuɗina, ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Farauta halas ce a asalinta, aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta nuna haka. Sai dai Malikiyya sun karhanta wadda aka yi don nishaɗi kawai, kuma Muslim ya ruwaito hanin mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Ka duba niyyarka nan gaba.

Ita fatar akwai saɓani. Ibn Abi Zaid ya ce a Risala babu laifi a yi salla a kan fatun namun daji masu kai hari, ko a sayar da su, idan an yi musu yankan shari'a, kuma malamanmu na baya-baya sun ɗauki harbin bindiga da bismillah a matsayin hakan. Wasu malaman sun hana, saboda hadisin Abu Dawud da Tirmizi da ya hana amfani da irin waɗannan fatu. Na fi karkata ga halasci muddin ba don alfahari ba ne, ko da yake, a gaskiya, mai rataye fatar damisa a zaure da wuya ya kuɓuta daga hakan.

Maganar ejan kuwa haramun ce, ba ni da shakka. Najeriya tana cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta kuma kafa dokarta ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985. Damisa tana rukunin farko na yarjejeniyar, mafi tsanani, wanda sai an haɗa takardu biyu: izinin shigowa daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, da izinin fitarwa daga Namibiya. Lasisin harbin da ke hannunka bai maye gurbin ko ɗaya ba. Shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halas don maslahar jama'a, kamar yadda Annabi (SAW) ya killace makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar ya killace makiyayar Rabaza, kuma wannan doka ba ta umarce ka da saɓon Allah ba, don haka binta wajibi ne. Ga alkawarin da ƙasa ta sa wa hannu, ga kuma tsinuwar da ta hau kan mai ba da cin hanci da mai karɓa. Kada ka kafa hujja da sassaucin ba da cin hanci da aka yi wa wanda aka danne wa haƙƙi, domin kai jira kawai aka ce ka yi.

Ka bar fatar a can har takardun su fito. Idan aka hana ka izinin, ka haƙura da ita. Allah ne mafi sani.