Amsa kan fitsarin da ke yin duhu a zafin Makka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce tunda ka fara aikin gini a Makka fitsarinka ya ragu, ya yi duhu kamar shayi, kana tsoron ko ƙoda ce ta lalace.

Mai yiwuwa ƙodar ce ke aikinta. Kowace ƙoda tana da 'yan ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. A rana su biyun suna tace ruwan jini wajen lita 180, sai su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, lita ɗaya da rabi kacal ke gangarowa ta bututai biyu zuwa mafitsara. To idan zufa ta kwashe ruwanka, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo a riƙe sauran, fitsarin sai ya yi kauri.

Amma kada ka saba da haka, don ta nan tsakuwar ƙoda ke samuwa. Na ga wani abokin aikina a Jidda yana birgima a ƙasa, ya dafe kwiɓi, har yau ban manta ba. Riƙa shan ruwa har fitsarin ya washe, ka kuma rage haɗiyar maganin ciwon jikin nan diclofenac.

In ka ga jini, ko ƙafa ta kumbura, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, don Allah ka tafi asibiti a ranar.