Batir ko akwatin raba wuta: ina mai hayar kayan kiɗa zai sa kuɗinsa?

Wani mai ba da hayar kayan kiɗa ya aiko da tambaya: "Ina da fedal shida na jita, wato na'urorin da ake takawa da ƙafa don sauya sauti, da makaɗa ke karɓa haya idan za su hau dandamali. Kuɗin batir ya ishe ni. Da na jona su duka a adafta ɗaya mai rassa, sai lasifika ta kama gurnani. In sayi akwatin raba wuta mai tsada, ko ɓarnar kuɗi ce?"

Malam, ka saya. Amma kafin ka sa hannu a aljihu, ɗauko biro.

Duba jikin kowane fedal ko takardarsa, za ka ga lambobi biyu. Ta farko ƙarfin wutar da yake so, wanda ake rubutawa da V, yawanci 9V DC (DC ita ce wuta irin ta batir), wasu kuma 12V ko 18V. Ta biyu yawan wutar da yake sha, wadda ake rubutawa da mA. A nan lissafin yake. Fedal mai kaurara sauti irin Boss DS-1 abin da yake sha bai wuce 10 mA ba, batir ɗaya mai ɗauke da wuta kusan 500 mAh zai kai shi kwana da kwanaki. Na dijital masu amsa-kuwwa fa? Wasu na kamfanin Strymon sai 300 mA. Batir ba zai kai su awa biyu ba, shi ya sa ma ba a yi musu gidan batir ba.

Gurnanin da kake ji daga adafta mai rassa yake fitowa. Duk fedal ɗin layi ɗaya suke sha, hayaniyar na dijital sai ta bi waya ta shiga sauran. Akwatin da ke keɓe kowace kafa daban, irin Voodoo Lab Pedal Power 2 Plus ko Cioks DC7, shi ke yanke wannan hanyar. Ka tabbatar kafafun a keɓe suke da gaske, domin akwai masu araha da kafa takwas a waje, a ciki kuwa layi ɗaya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ka tsaya kan farashin akwatin kaɗai. Kai hayar kwanciyar hankali kake bayarwa. Makaɗin da sautinsa ya ɗauke a tsakiyar wasa ba zai ce batir ne ya mutu ba, cewa zai yi kayanka ba su da kyau, kuma abokan sana'arsa za su ji. Tara abin da ka kashe a batir wata shida da suka wuce, ka ɗora kuɗin fedal ɗaya da waya mara dacewa za ta iya ƙonawa, sannan ka kwatanta. Raba kuɗin akwatin a kan hayar shekara guda, ƙarin da zai hau kan kowane mai haya kaɗan ne.

Zaɓi akwatin da mA ɗin kowace kafarsa ya fi abin da fedal ke sha. Yawan mA ba ya cutarwa, fedal iya bukatarsa yake ja. Yawan V shi ke kashe fedal, haka jona AC, wato wuta mai kai da komowa, a inda ake son DC. Yawancin fedal tsinken tsakiyar kafarsu na ɓangaren ragi ne, wato mai alamar (−), amma ba duka ba. Saboda haka ka ɗaure komai a allo ɗaya, ka liƙa wa kowace waya sunan fedal ɗinta, kada mai haya ya sauya da kansa.

Batir biyu sababbi dai su zauna a jakar kowane lokaci. Ka kuma gaya wa makaɗin ya zare wayar jita idan ya gama, domin muddin tana ciki batir na ci.