Filin Aikin Hannu: Babur ɗin da ake haɗawa a kan tebur

Tambaya: Malam, yayana da ke karatu a Malesiya ya aiko mini da kwalin ƙaramin babur na haɗawa, na kamfanin Tamiya, an rubuta 1/12 a jikinsa. Da na buɗe sai na ga ƙananan kaya rututu maƙale a firam na roba, ga wasu mitsi-mitsin noti, ga sitika. Na riga na sayi sufa-gulu da fentin feshi irin na mota. Ta ina zan fara? *Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya.*

Amsa: Ƙanena, yayanka ya iya zaɓe. Tamiya kamfani ne na birnin Shizuoka a Japan, ya faro a 1946 da sana'ar katako kafin ya koma kayan roba, kuma kayansa suna zama daram ba sai an yi kokawa da su ba. Wannan 1/12 da ka gani ma'auni ne: babur mai tsawon mita biyu zai fito maka wajen santimita 17.

Amma abubuwa biyun da ka saya, ajiye su gefe tukuna. Robar nan tana da gam nata na musamman, mai ruwa-ruwa, wanda ke narkar da fuskar robar kaɗan har ɓangarori biyu su zama abu ɗaya. Ka haɗa su a bushe, ka taɓa bakin mahaɗar da ɗan burushin da ke jikin murfin, gam ɗin zai bi tsagar da kansa. Sufa-gulu kuwa tururinsa kaɗai ya isa ya mai da gilashin fitila fari fat, kuma ba ya ba ka damar gyara zama idan ka karkace. Amfaninsa sai inda ƙarfe ya haɗu da roba. Gilashin fitila da na sigina, farin gam na kafintoci za ka ɗiga musu da tsinken sakace, in ya bushe ba a ganinsa. Fentin mota shi ma yana da zafi, wani yakan ci fuskar robar ta yamutse. In dole sai shi, ka fara fesa fentin share fage siriri, kuma ka gwada a kan guntun firam ɗin da ka riga ka cire kayansa.

Kada ka murɗe kaya daga firam da hannu, zai bar rami. Yanke da abin yanke farce, ka bar ɗan tsini, sannan ka share tsinin da sabuwar reza, ka bi da samfefa mai lamba 600, ka gama da 1000. Kada kuma ka cire abu sai takardar bayani ta zo kansa, domin lambarsa a jikin firam take.

Abin da ya bambanta babur da mota a wannan aiki shi ne babur ba shi da rufin asiri. Motar haɗawa in injinta ya yi muni sai ka rufe bonet. Babur kuwa inji, sarƙa, birki, wayoyi, duk a fili suke, don haka kusan kowane abu sai an yi masa fenti kafin a manna shi. In ka haɗa firam ɗin babur ɗin ka sa inji a ciki sannan ka ɗauko burushi, ba za ka kai ga rabinsa ba.

Shawarata kafin ka buɗe kwalbar fenti, ka je rumfar bakanike ka zauna ka ƙare wa inji kallo. Za ka ga ba launi ɗaya ba ne. Kan silinda toka-toka ne mara sheƙi, murfin gefe ya fi shi haske, kawunan noti wani launin daban, tsakanin haƙarƙarin silinda kuma duhu ne. Masu fara wannan aiki sukan shafe komai da ruwan azurfa guda ɗaya, sai injin ya fito tamkar gwangwanin madara. A fentin Tamiya, XF-16 shi ne na alminiyam mara sheƙi, X-11 mai sheƙi, X-18 baƙi mai ɗan maiƙo wanda ya dace da firam ɗin babur. Bayan injin ya bushe sarai, ka tsinka baƙin fenti mai mai da tina har ya zama kamar ruwa, ka ɗiga a tsakanin haƙarƙarin, zai gudu ya kwanta a lunguna, sai ka goge saman da auduga. Kada ka cika, tina mai yawa tana sa roba ta tsage.

Salansa ita ce wurin da nake daɗewa, don a nan ake gane hannu. Wani lokaci takan zo da rufin kurom mai walƙiya fiye da kima, ga layin mahaɗa a tsakiyarta, kuma gam ba ya kama kurom sai an kankare wurin. Ni nakan jiƙa ta cikin bilic na wanki har kurom ɗin ya saki, in ɗauraye, in haɗa, in goge layin, sannan in fesa baƙi mai sheƙi in bi da na azurfa. Daga nan sai launin ƙuna. Dubi wuyan salansar babur da ya sha tafiya: kusa da inji za ka ga launin ruwan zuma da shuɗi-shuɗi. Ana fito da wannan da fenti mai gani-har-hanji, X-26 na ruwan lemo da X-23 shuɗi, shafa ɗaya siririya a kan wata. In ka ga launin ya fito sosai tun kana shafawa, to ya yi yawa.

Tayoyin roba ne masu laushi, da layi a tsakiya. Goga su da samfefa har layin ya ɓace, sheƙin ya mutu. Siririn tiyo baƙi da ke cikin kwalin na wayar birki da kuloci da fulogi ne, ka yanka daidai awon da aka zana a takarda. Notin kuma a hankali, da zarar ya tsaya ka tsaya, in ka ƙara juyi ɗaya ramin ya lalace.

Tambaya: Na fesa wa tankin nawa ja, da ya bushe sai na ji shi da ƙurji-ƙurji. Sitikar kuma da na manna, gefenta ya yi fari-fari. Me ya jawo? *Daga wata ma'aikaciyar jinya, Katsina.*

Amsa: 'Yar'uwa, matsala biyu ce amma tushensu ɗaya. Ƙurjin nan ko ƙurar hunturu ce ta sauka kan ɗanyen fenti, ko kuma kin riƙe gwangwanin da nisa a cikin zafi, fentin ya bushe a iska kafin ya isa tankin. Ki bar shi kwana biyu ko uku ya ƙame, ki goge da samfefa 1500 ko 2000 da ruwa, ki sake fesawa. A wannan karon da sassafe, ki yayyafa ruwa a ƙasan wurin don ƙura ta kwanta, ki riƙe gwangwanin kamar taƙi ɗaya daga tankin, shafa biyu ko uku marasa kauri. Kina gamawa ki kife masa robar abinci mai tsabta, ki ɗan ɗaga gefe ɗaya don iska.

Farin gefen sitika kuwa iska ce ta maƙale a ƙarƙashinta, saboda fuskar da ta hau ba sumul take ba. In tankin ya yi santsi wannan zai kau. Irin sitikar nan ba ɓarewa ake yi ba: a yanko ta, a tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙa goma zuwa ashirin, a jira ta fara zamewa, a ture ta daga takardar zuwa jikin tankin, a matse ruwan da auduga daga tsakiya zuwa gefe.

Tambaya: Ni ɗan kabu-kabu ne. Yarona ɗan shekara tara kullum yana ƙera babur da kara da langa-langa. Akwai na haɗawa da ya yi kama da wanda muke hawa, ba na tsere ba? *Daga Maraɗi.*

Amsa: Akwai, Malam. Baburan da muke kira roba-roba, siffarsu daga Honda Super Cub ta samo asali, wanda ya fito a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100. Kamfanin Fujimi na Japan yana da Super Cub 110 a ma'aunin 1/12 wanda robarsa ta zo da launinta, kuma ana danna kayan ne su shige juna ba tare da gam ba. Shi ya dace da ɗan shekara tara, tunda babu warin tina babu feshi. Reza dai ta zauna a hannunka, kai ka yanko, shi ya haɗa. In akwai masu rarrafe a gidan a yi aikin a kan faranti, a kuma ɗaga shi sama in an tashi, don wasu kayan ba su kai ƙwayar wake ba. Samunsa sai ta intanet ko ta hannun mai dawowa daga waje, kuma ka tambayi kuɗin aike kafin ka biya, don wani lokaci yakan kai kuɗin kwalin kansa.