Amsa: Auren zumunci a wurin mutanen Tikuna

Ka tambaya ko mutanen Tikuna, waɗanda ke zaune a gaɓar kogin Amazon inda iyakokin Brazil da Kolombiya da Peru suka haɗu, suna yin auren zumunci. Suna yi, amma ba da kowane ɗan'uwa ba: namiji yana iya auren 'yar kawunsa ko 'yar gwaggonsa, 'yar baffansa kuwa haramun ce gare shi.

Dalili shi ne zuriyoyinsu sun kasu gida biyu, masu sunayen tsuntsaye irin su aku da ungulu da kaza, da masu sunayen itatuwa ko wasu halittu kamar damisa da tururuwa. Yaro yana bin zuriyar ubansa, kuma wajibi ne ya nemi aure a ɗaya ɓangaren. Saboda haka 'yar baffa, har ma da 'yar ƙanwar uwa, ɓangare guda suke da shi. Wannan doka tana da nauyi ƙwarai a wurinsu, shi ya sa a lokacin bukukuwa kowa yake zana alamar zuriyarsa a fuska da baƙin ruwan 'ya'yan itacen jenipapo.