Tambaya da Amsa: Me ya sa janareta ke nishi idan an jona dutsen guga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Janaretana an rubuta masa 2.5 kVA. Yana ɗaukar fanka uku, talabijin, ƙwan fitila takwas da firji lafiya lau, amma da maiɗakina ta jona dutsen guga sai ya kama nishi, wuta ta dusashe, wani sa'in ya mutu. Jabu aka sayar mini ne? (Magidanci daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba lallai jabu ba ne, kaya ne suka yi masa yawa. Da kVA ake tallan janareta, kayan gida kuwa da wat ake auna su. A lissafin masu aikin wuta ana ninka kVA da 0.8, ka ga naka wat 2,000 ke nan. Wannan ma ƙurewarsa ce. In ana so ya yi ƙarko, kada a wuce kashi 80 cikin ɗari, wato wat 1,600.

To mu ƙirga. Fanka uku, kowace wajen wat 70, sun ci 210. Talabijin a ba shi 100, ƙwayaye takwas masu wat 10 sun ci 80, firji wajen 150. Duka 540. Dutsen guga shi kaɗai yana jan wat 1,000 zuwa 1,200, ka ga an kai 1,740. Inda gizo ke saƙar shi ne firjin: duk lokacin da kwamfuresarsa, wato injin da ke sa shi sanyi, za ta tashi, tana fizgar ninki uku zuwa biyar na abin da take ci, na ɗan daƙiƙoƙi. In wannan fizga ta haɗu da guga, an zarce 2,000. Nishin da kake ji ke nan.

Kada ka raina nishin nan. Idan ƙarfin wuta ya faɗi, kwamfuresa tana ɗaukar zafi har ta ƙone, kwayil ɗin janaretan ma haka, kuma kuɗin naɗin kwayil ya fi wahalar zare soket. A zare firji kafin a fara guga, in an gama a maida shi, amma kada a maida ƙasa da minti biyar bayan cirewa. Butar lantarki da hita kuwa a bar su sai an kawo wuta. Wajen tayarwa, a tada shi babu komai a kansa, ya yi minti biyu zuwa uku, sannan a jona babban kaya tukuna, ƙananan su biyo baya. Wajen kashewa a sauke kayan kafin a murɗa makunni.

Tambaya: Saboda ɓarayi da ruwan sama muna kunna namu a lungun da ke tsakanin ɗakuna, muna barin ƙofa a buɗe. Ya wadatar? (Uwargida daga Gombe)

Amsa: Hajiya, don Allah daga daren yau a fitar da shi. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar guba da ake kira kabon monoksayid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200. Mai barci ba ya farkawa balle ya gudu, shi ya sa ake wayar gari a tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki. Buɗe ƙofa ko taga ba ya magance ta.

A ajiye shi a fili, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga, bakin salansa na kallon nesa da ɗakuna, naku da na maƙwabta. Maganin ɓarawo keji ne na rodi da kwaɗo, a rufa masa kwano a sama, gefuna huɗu a buɗe, a ɗora shi kan dakali don kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa. Idan mutum biyu ko uku a gidan suka fara ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko kasala a lokaci ɗaya, kada a tsaya cewa zazzaɓi ne. A fita waje, a kashe injin, a tafi asibiti a faɗa musu hayaƙin janareta aka shaƙa. Haka nan kada a zuba fetur yana aiki ko salansa na da zafi. A kashe, a jira kwata ɗaya.

Tambaya: Zan iya jona shi a soket ɗin bango ya ba gidan duka wuta? (Mai shagon ɗinki daga Katsina)

Amsa: A'a, Malam. Wutar za ta bi layi ta fita, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta kashe ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton babu wuta. In kuma aka dawo da wuta kwatsam, janaretan ya ƙone. Ka kira ƙwararren mai aikin wuta ya sa maka canjoba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta layi, da waya mai kaurin 2.5 mm² ko sama, ba siririyar wayar fitila ba.