Ni ma an taɓa kira na ƙadangaren bakin tulu

'Yar uwa, da na ga kina tambayar ma'anar "ƙadangaren bakin tulu" da yayar mijinki ta jefe ki da shi, sai da gabana ya faɗi, don ni ma na sha wannan.

Cikon maganar: a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Wato wanda ya zame wa mutane ƙarfen ƙafa, korarsa asara, barinsa takaici. Ko mace aka nufa ba a cewa ƙadangaruwa, haka ake faɗarsa. Kada wani ya ce miki wasa ne.

Tawa ranar sunan ɗana na biyu ta faru. Gida cike da mata, jariri a cinyata, jikina ko ƙwari bai yi ba, sai ƙanwar surukata ta ɗaga murya wai ni ce ƙadangaren bakin tulu, tunda na haifa musu maza ba yadda za a yi da ni. Aka kwashe da dariya. Wata ma ta ƙara da cewa albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. Ni ce mai shan ruwan kaskon! Ƙanwar surukar tawa fa, matar da na yi jinyarta wata biyu, ina wanke mata kaya da hannuna, ina ba ta abinci a baki. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan zanen goyo, ba wadda ta ce ta bari. Har yau in na ga jan gwada na gyaɗa kai a kan katanga sai muryarta ta dawo min.

Kada ki rama cikin taro, abin da take jira ke nan. Amma kuma kada ki zama damo sarkin haƙuri irina, shekara uku ina haɗiyewa har na rame. Ki samu maigidanki lokacin da hankalinsa ke kwance ki faɗa masa sau ɗaya, ba kuka. Kuma ki binciki mai kwashe zancen ɗakinki, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni a ƙarshe na gano ƙawata ce, wadda nake zuba wa abinci kullum.

Kina da yara a gidan? In akwai, ki daina barinsu suna jin irin maganganun nan. Babban nawa sai da ya tambaye ni wane tulu ake nufi.