Kicin Ɗinmu: Tambayoyinku Kan Faga'a Da Laimar Kwaɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana direban babbar mota ne, ya dawo daga Hafar al-Batin da faga'a kusan kilo biyu. Na wanke na zuba a miya, amma muna ci yashi na ƙaras-ƙaras a haƙori har yara suka ture kwano. Ina na kuskure? Daga wata uwargida a Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, sannu da ɗawainiya. Kuskuren a wurin wanki yake, kuma kusan duk wadda ta fara girka faga'a sai ta faɗa wannan rami.

Faga'a dangin laimar kwaɗi ce mai kama da dankali, a cikin ƙasa take girma, kusa da saiwar wata ciyawa da Larabawa ke kira raƙruƙ. In an samu ruwan saman da Larabawa ke kira wasmi, wanda lokacinsa ke kamawa daga tsakiyar Oktoba, sai ta nuna tsakanin Janairu da Maris. Tana kumbura tana tsagewa, yashi na shiga tsagar, naman ya sake rufewa a kansa. Shi ya sa ɗauraya a bakin famfo ba ta isa ba.

Ki jiƙa ta a ruwan sanyi minti 20 don ƙasar ta saki. Ki samu sabon burushin haƙori ki goge kowace ɗaya, sannan ki bi kowace tsaga da tsinin wuƙa ki ƙwaƙule har ki tarar da nama mai tsabta. Ki fere bawon siriri, ki raba ta biyu ki duba cikin, domin a nan yashin ya fi ɓuya. Bayan kin yanka, ki zuba a roba mai ruwa, ki motsa, ki tsame da hannu. Kada ki tsiyaye ruwan ta kanta, yashin da ya kwanta zai sake hawa. Ki maimaita har sai kin shafa gindin robar da yatsa ba ki ji komai ba, sau uku ko huɗu ke nan. Wadda ta yi laushi, ko tana yauƙi, ko ta canja wari, ki yar.

Fara mai girma ita ce zubaidi, wadda bawonta ya yi ja-ja kuma khalasi. Duka ɗanɗanonsu mai sanyi ne, don haka a ganinmu asara ce a nutsar da su cikin daddawa da yaji. Ga rabin kilo: albasa biyu, man shanu cokali uku, gishiri da ɗan masoro. Ki soya albasar ta yi taushi, ki zuba faga'ar ki juya minti biyar, ki ƙara rabin kofin ruwa, ki rufe ki rage wuta kamar minti 20. In tsinin wuƙa ya shige ba gardama, ta nuna. In dafa-duka ce ko kabsa, ki soya ta daban ki zuba lokacin da shinkafa ta fara tsotse ruwa.

Ragowar kuma kada ki wanke. Ki sa a jakar takarda cikin firji, ki girka cikin kwana uku zuwa huɗu. Leda tana sa ta gumi ta ruɓe.

Tambaya: Ina aikin ban-ruwan lambu a wani gida a Jidda. Laimar kwaɗi farare manya sun fito cikin ciyawa. Abokin aikina ya ce in aka tafasa su da cokalin azurfa bai yi baƙi ba, ko aka ga tsutsa ta ci, to babu dafi. Haka ne?

Amsa: Malam, don Allah kada ka ci, kada kuma ka bari abokin naka ya ci. Azurfa ba ta gane dafin laimar kwaɗi. Tsutsa da katantanwa suna cin wadda ke kashe mutum su kwana lafiya. Tafasa, suya da shanya duk ba sa karya dafin masu haɗarin.

Ɗaya daga cikin masu yawan fitowa a ciyawar da ake shayarwa a ƙasashe masu zafi ita ce masana ke kira Chlorophyllum molybdites. Fara ce, faɗinta kan kai tafin hannu, da ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa a samanta da zobe a ƙafarta. In ka cire hular ka kifa ta kan farar takarda, ka rufe da kwano ta kwana, za ka ga garin da ya zubo kore-kore ne. Wanda ya ci, cikin awa ɗaya zuwa uku amai da gudawa mai tsanani za su kama shi, wani lokaci har da jini, kuma yaro ƙarami nan da nan ruwan jikinsa ke ƙarewa.

Amma kada ka ɗauka in garin ya fito fari an tsira. Dangin Amanita masu kisa farin gari suke zubarwa. Nasu dafin ya fi mugunta don ba ya nuna kansa da wuri: sai bayan awa 6 zuwa 24 ciki ya murɗa, washegari mutum ya ji sauƙi ya ce ya warke, alhali hanta ce ke lalacewa, a kwana na uku ko na huɗu ido ya yi ɗorawa. Wannan sauƙin na ƙarya shi ke sa mutane su makara zuwa asibiti.

Ka tumɓuke su da saiwarsu, ka ɗaure a leda ka jefa a shara, musamman in akwai yara a gidan. In kuwa wani ya riga ya ci, kada a tsaya ba shi madara ko manja ana jiran a ga abin da zai faru. A kira motar asibiti a 997, ko layin Ma'aikatar Lafiya a 937. A faɗa wa likita ƙarfe nawa aka ci da kuma ƙarfe nawa ciwon ya fara, a tafi da ragowar a naɗe cikin takarda, ɗanya ko dafaffiya.